Ruwan Jiya Milimita Nawa Ne?

Mu dai a unguwar nan gaisuwa ba ta cika sai an taɓo sama. Cikin hunturu, bayan "ina kwana" sai "ya sanyi?", a amsa da "lokacinsa ne". In bazara ta kama, "ya zafi?", a ce "da godiya". Ranar da aka kwana ana ruwa kuwa, tun daga ƙofar masallaci ake jefa wa juna "ya ruwa?", amsar kowa kuma ɗaya ce, "ruwa ya yi gyara", ko da ɗakinsa ya kwana yana yoyo, don ba mu saba kushe rahama ba. Manomi da direba da mai shanyar barkono da uwar da ke shirya yara makaranta, kowa ido ɗaya a kan aikinsa, ɗayan a gabas.

Ba mu kuma rasa bakin faɗin abin da muka gani ba. Muna raba yayyafi da mamako, muna raba ruwan da ya zo da iska ya wuce da marka mai kwana ta wuni. Mun san gari ya yi lumshi, mun san hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, mun san lokacin da iska ta cinye shi ya watse. A hunturu akwai hazo, akwai buji, akwai jaura mai fasa leɓe da dunduniya. A ƙarshen damina ga agazari da zafinsa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya sha waɗannan tun a nono.

Sabon abin da ya shigo mana shi ne lamba. Yanzu a teburin mai shayi sai ka ji yaro ya ɗaga waya ya ce, "Yau fa 41 ne." Wani ya ce tasa ta nuna kashi 60 cikin 100 za a yi ruwa. Rediyo ya ce hukumar kula da yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin hazo, ba za a iya hangen abin da ya wuce mita 1,000 ba. Sai dattawan da suka fi kowa sanin sama su yi gum, don harshen ya sauya musu. Ni kuwa ina ganin wannan harshen lamba namu ne mu ma in mun zauna mun gane shi, kuma yana yi mana aikin da baki kaɗai ba ya yi: shi ke ba mutum damar gwada bana da bara, ya gwada gonarsa da ta ɗan'uwansa da ke Maraɗi, ba tare da kowa ya rantse ba.

Gardamar da ta fi yawa a majalisarmu ta ruwa ce. A kwana ana yi, da safe tela ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaro, direba ya ce ai ƙura kawai aka kwantar. Manoman cikinmu ba sa shiga wannan, su nasu awon a ƙasa yake. Mutum ya ɗauki fartanya ko ya sa hannu ya tona, ya ga inda laima ta tsaya. In ta kai taƙi ya ce ruwan shuka ya samu. In yatsa biyu ce a sama, ƙarƙashi kuma ƙasa busasshiya, sai ya mayar da irinsa rumbu. Wannan awo ne na gaske, da shi kakanninmu suka ci suka ciyar. Sai dai jigawa da laka ba sa shan ruwa iri ɗaya, taƙin dogo kuma ya fi na gajere.

Malamin firamaren da ke layinmu shi ya shigo da gwangwani cikin maganar. Ya samu babban gwangwanin madara, irin wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ya kafa turke a fili nesa da katanga da indararo da inuwar darbejiya, ya ɗaure shi a kai a tsaye cak. Da safe sai ya tsoma rula wadda ƙidayarta ta fara daga bakinta, ya ga inda ta jiƙe. Zurfin ruwan da ke ciki shi ne ruwan da aka yi, kuma da milimita ake faɗinsa, ƙananan zanen nan na jikin rular 'yan makaranta, guda 10 a kowace santimita.

Baba mai gadi bai yarda da farko ba.

"Malam, wannan awon naka da sake. In na ajiye duro a buɗe ai zai fi gwangwaninka tara ruwa."

"Gaskiya ne, Baba, zai fi shi yawa, amma ba zai fi shi zurfi ba. Abin da faɗin bakinsa ya tara, faɗin gindinsa ya baje shi. In dai baki da gindi ɗaya ne, ka jera su wuri guda, rula abu ɗaya za ta faɗa."

"To bokiti fa, ɗana?"

"Shi kam yana ƙara wa ruwa tsawo, Baba, don bakinsa ya fi gindinsa faɗi. Kada a auna da shi."

Daga nan aka shiga lissafin da ya sa kowa ya gyara zama. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Kadada tana da irin wannan fili guda 10,000, ke nan milimita 1 a kan kadada lita 10,000 ce, duro 50 mai cin lita 200. Ruwan milimita 20, wanda a gwangwani bai wuce gaɓar yatsa ba, duro 1,000 ne a kan kadada ɗaya. Mai gidan da rufin kwanonsa ya kai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, a wannan ruwan lita 2,000 ce ta bi ta indararonsa, jarka 80 mai cin lita 25. Da mai sayar da ruwa a kura ya ji haka sai da ya sake tambaya, don shi ya san wahalar turo jarka 80. Tun daga lokacin matan layin suka ƙara yawan mazubin da suke tarawa, wasu magidanta kuma suka fara maganar tanki.

Wannan milimita 20 ɗin ba haka kawai ake yawan ambatonta ba. Wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988 wadda har yau ake aiki da ita ko da irinta a yankin Sahel: ana ɗaukar damina ta sauka ne idan bayan 1 ga Mayu aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan a kwana 30 da suka biyo baya ruwa bai ɗauke ƙafa fiye da kwana 7 ba. Duk manomin da ya taɓa shuka a ruwan farko, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi, ya koma neman iri a kasuwa da tsada, ya san abin da rabin ƙa'idar na biyu ke nufi. NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassararsa ta Hausa, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, kuma tana yawan jan kunnen manoma kan ruwan farko mai yaudara. Wanda ke da gwangwani a gida ya fi kowa cin moriyar wannan hasashe, don yana da abin da zai gwada shi da shi.

Dalilin da ya sa nake ganin awon gida ya zama dole a wurinmu shi ne halin ruwanmu. Ba shimfiɗa yake yi ko'ina daidai ba. Hadari ɗaya sai ya tafka a wannan unguwa, a wancan gefen gari ko ɗigo, har mai babur ya shigo jiƙe sharkaf ya tarar ana share ƙura. Ma'aunin hukuma kuwa galibi yana filin jirgin sama ne ko wata cibiyar bincike, irin ta Samaru a Zariya. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar wurin da yake. Hausawa sun riga sun gama magana: ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu sabawa da wannan. A can cikin damina rediyo kan jero garuruwa da milimitar da kowanne ya samu, manomi na saurare ya ji na garinsu da na maƙwabta. A Yamai ne ma cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya gigita Sahel, don tattara irin waɗannan alƙaluma na ruwa da noma.

In ka tara na kullum tun daga saukar damina har ɗaukewarta, sai ka samu na shekara, a nan ne kuma taswirar ƙasarmu ke fitowa fili. Zariya kan samu wajen milimita 1,000 ko fiye a shekara, Sakkwato wajen 600 zuwa 700, Maraɗi wajen 500, Damagaram wajen 400, Agadas kuwa ba ta cika kai 200 ba. Shi ya sa masara ke jin daɗin ƙasar Zazzau, gero kuma ke mulki in aka nausa arewa. Amma jimla kaɗai ba ta ba da labari duka. Milimita 50 da ta sauka a hankali dare guda ƙasa ce ke shanye ta. Milimita 50 cikin awa ɗaya kuwa kwata ce ke cika, zaizaya ta ci gona, gidan ƙasa ya zube. Wannan shi ake kira ƙarfin ruwa, ana faɗinsa da milimita a awa. Don haka malamin namu in ya rubuta lamba yakan ƙara kalma a gefe: mamako, ko marka, ko da iska. Lambar ta faɗi yawa, kalmar ta faɗi hali.

Sharuɗɗan aikin ba su da yawa. A karanta a lokaci ɗaya kullum da safe kafin rana ta fara shan ruwan, a rubuta, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, kada a bar gurbin fayau, don kwanakin fari su ne rabin labarin damina. Nisan gwangwani da bishiya ko gini ya kai aƙalla ninki biyu na tsawonsu. Wanda kuma ya sayi ma'aunin kanti ya ga an rubuta inci, kada ya rikice: inci 1 milimita 25.4 ne.

Ma'aunin zafi kuwa ta hannun mata ya shigo layinmu. Hajiya mai kiwon kaji ce ta fara rataye shi a ɗakin 'yan tsaki, don a makonsu na farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, in ya gaza su cure wuri ɗaya su danne juna, in ya zarce su yi ta haki. Ita ce ta koya wa maƙwabta karanta shi. Digirin da muke amfani da shi a Najeriya da Nijar shi ne na Salshiyos, sunan wani masani ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara ma'auninsa a 1742. A kansa ruwa na daskarewa a 0, yana tafasa a 100, jikin mai lafiya kuma yana wajen 37. Ɗayan ma'aunin, Faranhait, ya girme shi, tun 1724 yake, kuma Amurka ta riƙe shi har yau. A kansa ruwa na daskarewa a 32, yana tafasa a 212.

Wannan bambanci ya taɓa ɗaga hankalin wata Inna a layinmu, da ɗanta ya bugo daga Amurka ya ce zafinsu ya kai 100.

"Hajiya, ki ji min wannan yaro, ya ce 100. Ke kin ce a 100 ruwa ke tafasa!"

"Kwantar da hankalinki, Inna, nasu ma'aunin daban ne. 100 ɗinsu bai kai 38 ɗinmu ba. Mu nan da azahar mun fi su."

Lissafin kuwa shi ne a cire 32, a ninka sau 5, a raba gida 9. Ke nan 104 nasu shi ne 40 namu. Yawancin na'urorin kanti suna da ɗan maɓalli a baya mai sauya wannan zuwa wancan, in ka ga lamba ta yi hauka fara duba shi.

Akwai kuma masu ajiye ma'auni a kan mota da tsakar rana, ya nuna 55, su ɗauki hoto su watsa. Abin da suka auna zafin ƙarfe ne. Zafin da ake sanarwa na iska ne, a inuwa, inda iska ke ratsawa, tsawon kamar ƙirjin mutum zuwa kansa daga ƙasa. Shi ya sa a tashoshin awo ake sa ma'aunin cikin farin akwati mai tsaga-tsaga a kan ƙafafu. A gida a rataye shi a rumfa ko baranda, nesa da murhu da kwanon rufi da katangar da rana ke duka. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci a yini: mafi sama, wanda kan zo tsakanin azahar da la'asar, da mafi ƙasa, wanda kan zo gab da fitowar rana. A Afrilu Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40 da rana. A Janairu asubar Kano kan sauko wajen 13, ta Jos ta fi haka sauka. Sanin wannan ba don hira kawai ba ne. Shi ke gaya maka lokacin da za a hana yara yawo a rana, a matsa wa tsofaffi su sha ruwa, a ɗage aikin ƙarfi zuwa safiya, musamman in azumi ya faɗo a bazara.

Direban da ke zuwa Legas shi ya kawo tambayar laima.

"Malam, a can waya ta ce 31, amma zufa kamar an watsa min ruwa." Ya share goshi. "A nan 38 ne, rigata a bushe. Wanne ne gaskiya?"

Duka biyun gaskiya ne. Lamba ta biyu da ke jikin na'urar auna zafi, mai alamar kashi cikin 100, ita ce laimar iska: yawan tururin ruwan da ke cikinta in an gwada da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Jiki yana sanyaya kansa ne ta bushewar zufa. In iska ta ƙoshi da laima zufa ba ta bushewa, sai zafi ya zauna a jiki. Shi ya sa waya ke nuna lamba biyu, zafin da aka auna da zafin da jiki ke ji. A hunturu laimar yankinmu kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, sai leɓe ya tsage, haɓo ya zo wa yara, wanki ya bushe kafin a gama shanya. A Agusta takan haura kashi 80, sai gishiri ya jiƙe, shanya ta kwana biyu, hatsin da ba a busar da kyau ba ya yi fumfuna. Raɓar da ke kwanta a kan ciyawa da asuba ita ma daga nan take: iska ta huce har ta kasa riƙe laimar da ke cikinta, sai ta sauke.

Matanmu sun daɗe da sanin wannan ta hanyar randa. Ruwan randa ya fi sanyi a rani, don iskar da ta bushe tana zuƙe tsattsafar jikinta, zafi ya tafi tare da ita. A kan wannan hikimar ne Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Mai irin wannan tukunya in ya ga laima ta hau, ya san sanyinta zai ragu.

Iska kuma da kilomita a awa aka fi faɗinta a waya. Wasu na'urori kan nuna mita a daƙiƙa, sai a ninka sau 3.6: mita 10 a daƙiƙa kilomita 36 ce a awa. Masu jiragen sama da na ruwa suna da nasu awon da suke kira not, kowane ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.8 a awa. Ana kiran iska da sunan inda ta fito. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya daga Sahara. Mai kawo laimar damina daga kudu maso yamma take, daga teku. Amma manyan hadaranmu daga gabas suke tasowa su nufi yamma, shi ya sa tsofaffi ba sa ɗaga kai su duba wani ɓangare. A lura kuma da lambar bugun iska, wato ƙarfin da take kaiwa farat ɗaya. Ita ce ke yaye kwano a farkon damina, ita ya kamata mai gini da kafinta su riƙa tunawa in suna buga ƙusa.

Yara sun fi son awon tsawa, don ba ya bukatar sayen komai. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, ke nan kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ƙidayar tana raguwa hadari yana matsowa. A kira yara daga fili, makiyayi da manomi su bar gindin bishiya, a shiga ɗaki.

Hazo da nisan gani ake auna shi, da mita ko kilomita. Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu a Disamba da Janairu daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. In nisan gani ya faɗi ƙasa da mita 1,000, jirage kan kasa sauka a Kano, direbobi su kunna fitila da rana. Mu a layinmu hasumiyar masallacin Juma'a da dogon ƙarfen kamfanin waya su ne ma'auninmu. Wanda ya san nisansu daga ƙofar gidansa ya samu awo kyauta: ranar da na nesa ya ɓace, masu asma da tsofaffi su rufe hanci, a rage fita da jarirai.

Lambar da ta fi rikita masu na'urar kanti ita ce ta nauyin iska, wadda ake faɗi da hektofaskal, ko miliba a tsohon suna, duk abu ɗaya ne. A bakin teku takan zauna wajen 1013. Tana raguwa in ana hawa tudu, shi ya sa na'ura a Kano kan nuna wajen 960, alhali waya na cewa wajen 1010, don ita waya ta mayar da lissafin kamar garin a bakin teku yake. A Turai faɗuwar wannan lamba alama ce ta ruwa, a kan haka aka ƙera na'urorin da ke zana hoton girgije da ɗigo. A wurinmu ba ta motsi sosai, sai ɗan hawa da sauka da take yi sau biyu kowace rana, ko da ruwa ko babu. Don haka in na'ura ta zana ruwa a tsakiyar Janairu, a bar ta da zanenta, a duba laima da inda iska ta fito.

Saura kashi 60 cikin 100 ɗin nan da ke jawo musu. Ba ya nufin ruwan zai yi yawa, ba ya kuma nufin za a wuni ana yi. Yana nufin in aka samu rana 10 masu irin wannan yanayi, a 6 daga ciki akan yi ruwa. In ba a yi ba, yau tana cikin sauran 4 ɗin. Wani dattijo ya taɓa kai maganar gaban Liman.

"Allah gafarta Malam, wannan ba shiga gaibu ba ne?"

"A'a, Alhaji. Kai ma in ka ga hadari a gabas kana cewa a kwashe shanya. Kirdado ne bisa alama, mai saukarwa kuma Allah ne. Auna abin da ya riga ya sauka kuwa, ai sanin yawan ni'ima ne, yana ƙara godiya."

Liman ya kuma tuna mana cewa ƙidayar yanayi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamanmu sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14, su cika 365. Manoma kan je su tambaya ko an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabaha, don su san inda damina ta kai. Mutanen da suka riƙe irin wannan lissafi a ka da allo ba za su gaza riƙe milimita a littafi ba.

Abin da muka rasa shi ne rubutawa. Kowa a majalisa yana cewa damina ta sauya, ruwa yana makara, zafi ya ƙaru, amma in ka ce a kawo shaida daga unguwar nan sai a koma "a zamaninmu". Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984 da abin da suka gani da idonsu, amma ba mai iya gaya maka milimita nawa gonarsa ta samu a waɗannan shekaru. Littafin da aka cika shekara 10 a gida ɗaya zai gaya wa mai shi wane irin gero ko wake ya dace da tsawon daminarsa, yaushe fari ya fi faɗowa a tsakiyarta, wane girman tanki zai gina, wane faɗin kwata unguwa ke bukata. In malamin gona ya zo, ko aka tashi neman a gyara magudanar ruwa, da lamba a hannu ake magana.

Yanzu a layinmu gidajen da ke da gwangwani a kan turke suna ƙaruwa. 'Yan firamare ke karantawa kafin su tafi makaranta, iyaye mata ke riƙe littafin, da yamma a haɗa lambobin a teburin mai shayi a ga wa ya fi samu. Kuɗin abin bai wuce na rula da littafi mai layi ba. Ina roƙon kowace makarantar firamare da islamiyya, da kowane mai unguwa da sarkin noma, su kafa nasu kafin ruwan farko na bana, su sa yaro ɗaya mai hankali ya riƙe. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ambaliya.